Kanannado a ƙarƙashin gero

A ƙauyenmu, arewa da Kano, ba a ware wa wake gona. Gero ake shukawa da ruwan farko, wata shekarar ma binne ake yi, da layukan dawa jefi-jefi a gicciye. Sai an gama firi, ƙasa ta sha ruwa sosai, sannan mahaifinmu ya bi tsakani da wake.

Kanannado yake shukawa. Duk tsawon marka yana kwance a inuwar gero, yana yaɗo a hankali, ko fure babu, har mu yara muke ce masa rago. Ashe lokacinsa yake jira. Da an yanke gero a Satumba, rana ta sauko masa, sai ya bazu ya rufe kunyoyi. Ba ya fure sai yini ya fara gajarta, ya ƙosa da raɓa da sauran laimar ƙasa. Ƙwayar ba ta da yawa, amma harawarsa ke riƙe tumakinmu har bazara, takinsu kuma ya koma gonar.

Farin 1984 ya nuna iyakar Kanannado. Ruwa ya ɗauke da wuri, muka tashi da ganye. Masu wake irin Ɗan Ila, da yake ya fi saurin nuna, sun ɗan yi roro.

Bayan 1990 sabon iri ya fara shigowa daga cibiyar IITA ta Kano, tsayayye, mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Maƙwabta suka cusa shi ƙarƙashin gero yadda aka saba, ya zanƙale, ya yi fure a inuwa, bai ba da abin kirki ba. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce wa mahaifinmu, “Baba, wannan ba ya jure inuwa, sai an buɗe masa.” Tsarin da Dakta B. B. Singh na cibiyar da abokan aikinsa suka yaɗa ke nan: kunya biyu hatsi, huɗu wake, da taki, da feshi sau biyu ko uku saboda tsutsa.

Inda aka bi tsarin, wake kam ya cika buhuna, na gani da idona. Amma tsoho ya lissafa kunyoyin, ya ce, “Malam, to tuwon fa?” Ina ganin tambayar tana kan hanya, domin kashi biyu cikin uku na gonar zai tafi ga abin sayarwa, maganin feshi kuma da kuɗi ake sayensa tun kafin kaka. Ya ba sabon irin ɗan yanki a bakin hanya, sauran gonar ya bar wa gero da Kanannado.