Idon Kakata na Hagu

Daga ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare

Yawancinmu a makarantar nan muna da kaka ko kakan da yanar ido ta kama. Mutane da yawa suna zaton yana wata fata ce da ke rufe ido ta waje, wadda za a iya ɗaye ta. Ni ma a gidanmu haka kowa yake faɗa, har sai da abin ya faru da Kakata.

Shekara biyu da suka wuce ganinta ya fara raguwa. Ta daina iya zura zare a allura, ta daina tsince tsakuwa a shinkafa. Idan na shigo ɗakinta sai ta ce, "Wace ce nan? Kishiyata ce?" domin haka take tsokanata tun ina ƙarama. Baba ya ce a bari ya sayar da amfanin gona ya kai ta asibiti. Kafin lokacin ya yi, wata ƙawarta ta ba ta labarin wani mutum da ke zuwa ranar kasuwa yana cire yana nan take, ba layi, ba kwanciya. Kaka ta sayar da akuyarta ta tafi, Baba bai sani ba.

Ranar da ta dawo murna kamar ta yi rawa. Ta ce tana ganin hasken ƙofa, har ta gane launin zanen Umma. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Kwana uku kawai murnar ta yi. Idon ya yi jawur, ya kumbura, yana ta zubar da ruwa, ga ciwon kai ɓari ɗaya da ya hana ta barci. Da dare ina jin nishinta daga ɗakinmu. Lokacin da aka kai ta asibitin ido, likita ya duba ya ce wa Baba idon hagu ya riga ya mutu, sai dai a ba ta maganin da zai kwantar da ciwon.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi mini bayani, domin na dame ta da tambaya. Ta zana mini ido a bayan kati. Ta ce a cikin ido akwai wani ɗan abu garau kamar gilashi, shi ke tattara haske har mu ga abu sosai. Idan mutum ya tsufa sai ya yi fari kamar an zuba madara a ruwa. Wannan ita ce yana. Mai aikin kasuwa ba ya cire komai. Wani tsinke yake sokawa ya tura abin can cikin ido. Hanya ta buɗe, haske ya shiga, shi ya sa mutum yake cewa ya warke. Amma abin yana nan a ciki yana jawo kumburi da hawan jinin ido, kuma tsinken ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba. Idan jijiyar gani ta lalace, babu likitan da zai dawo da ita.

Ta kuma ce ba Kaka kaɗai ba ce. A binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an gano cewa yana ce ta fi komai makantar da mutane, kuma cikin idanun da aka yi wa irin wannan aiki na gargajiya kusan uku cikin huɗu ba sa gani.

Abin da ya fi wahala shi ne idon dama. Shi ma yana ta kama shi, likita ya ce a yi aiki, Kaka ta ce atafau. "An taɓa ɗaya ya tafi, yanzu kuma ɗayan kuke so?" Ni dai ban ga laifinta ba. Wata takwas ana lallashi. Baba ya yi, Kawu ya yi, har liman ya sa baki. Ni ce nake riƙe mata sanda zuwa banɗaki da gidan suna, wani lokaci har na makara zuwa makaranta.

Abin da ya ba ni mamaki, likitan bai yi mata alkawarin ƙarya ba. Ya ce, "Hajiya, aikin asibiti ma yana iya samun matsala, ƙwayar cuta tana iya shiga, amma ba kasafai ba. Mu cire abin muke yi, mu sa na roba a gurbinsa, kuma idan wani abu ya taso muna nan." Kaka ta yi shiru, sannan ta ce wancan mutumin ya rantse mata cewa ba abin da zai faru, shi kuwa wannan bai rantse ba, don haka ta yarda.

An yi aikin bayan Babbar Sallah. Aka ba ni aikin ɗiga mata magani a kan lokaci, bayan na wanke hannu da sabulu. Aka hana ta murza idon, da barin ruwa ya shiga, da zama kusa da hayaƙin murhu. Wannan na ƙarshen shi ne yaƙi, domin Kaka ba ta yarda wani ya iya miyar kuka ba sai ita.

Yanzu tana zura zarenta da tabarau, ta kuma ce ashe na fi ta tsayi ba ta sani ba. Idon hagu kuwa ya shanye, takan ja mayafi ta rufe shi idan baƙi suka zo. Makon jiya Umma ta aike ni kasuwa sayen daddawa, na ga mutumin a gindin bishiyar da yake zama, tsofaffi huɗu suna jiran sa a kan tabarma.