Zare: sinukar da nake bugawa ni kaɗai da safe

1/ Shekara bakwai ina buga sinuka a Fagge, a majalisarmu gwani ake ce mini, ni ma na yarda. Sai ran nan wani yaro a Sabon Gari, can wajen France Road, wanda bai kai ƙanena ba, ya ci ni gem shida a jere. Kun san doka, wanda aka ci shi ke biyan tebur. Kuɗin cefane ne fa na zube a wurin.

2/ Kafin masu gyara su iso: na sani, wanda muke bugawa a bakin titi Turawa pool suke ce masa. Ainihin sinuka jajayen ƙwallaye 15 gare ta da masu launi 6, teburinta kuma ƙafa 12. Namu mai ƙwallo 15 masu lamba ne. Amma a Kano sinuka muke cewa, a bar mu haka.

3/ Da zan tafi yaron ya ce: "Oga, hannunka na da kyau, amma jira kake in yi kuskure." Wallahi maganar ta fi kuɗin yi mini ciwo. Gaskiya ya faɗa. Duk cin da nake yi a unguwa, abokaina ne ke ɓarar da ƙwallo su bar mini tebur a buɗe.

4/ Sai na nemi wasan da ba kowa a ciki sai ni. Na samu tsarin wani tsohon ɗan wasa Ba'amurke, Allen Hopkins, na ɗan gyara shi daidai teburinmu. Ga yadda yake.

5/ Ka jera duka 15 ka fasa. Ƙwallo 10 na farko, wanda ka ga dama ka buga, kowanne maki 1. Biyar ɗin da suka rage dole ka bi lamba, daga ƙarami zuwa babba, kowanne maki 2. Wato zagaye ɗaya maki 20. Zagaye 10, maki 200.

6/ Ka faɗi ƙwallon da ramin da zai shiga kafin ka buga, ko da ba mai jin ka. Ka kuskure sau ɗaya, ko fari ya faɗa rami, zagaye ya ƙare, rubuta makinka ka sake jerawa. Wanda ya shiga wajen fasawa naka ne. Amma idan fari ya faɗa wajen fasawa na cire maki 1 in ci gaba daga bayan layi.

7/ Baƙin nan mai lamba 8 da muke tsoro, a nan ba shi da wata sarauta. Ƙwallo ne kamar kowa.

8/ Matsalar farko kuɗi ce, zagaye 10 ai gem 10 ne. Na sami dattijon da ke da tebur a layinmu na ce, Baba, da safe ba kowa a nan, ka yi mini farashin awa. Ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, kai da wa za ka buga, aljanu?" Amma ya yarda. Ƙarfe 7 nake zuwa, kafin in wuce shago a Kantin Kwari.

9/ Ranar farko na samu 41. A cikin 200. Gwanin majalisa ke nan. Na duba takardar na sake lissafi, ko na manta wani zagaye. Ban manta ba.

10/ Da na bi takardar sati biyu sai na ga inda cutar take: fasawa. Mu 'yan Fagge muna son ƙara. Ka ja sanda ka make da dukkan ƙarfinka, mutanen bakin mai shayi su waiwayo. To amma fari sai ya yi ta yawo, ya ƙare a manne da bango ko a bayan wasu ƙwallaye. Zagaye da yawa maki 1 ko 2 na samu, ba don ban iya ba, don ba abin bugawa.

11/ Yanzu ga abin da nake yi. Na rage ƙarfi, kamar kashi biyu cikin uku. Ina nufar ƙwallon gaba a tsakiyarsa cif, ina taɓa fari ɗan ƙasa da tsakiya kaɗan, don ya daki ya tsaya a tsakiyar tebur. Daga nan kusan kowane rami kana ganinsa. Ko ba abin da ya shiga ba damuwa, ai ba wanda zai karɓe maka tebur.

12/ Kuma jerin ya matse. Idan akwai rata tsakanin na gaba da biyun bayansa, ƙarfin a nan yake mutuwa, sauran su zauna a dunƙule. Teburanmu kyallen ya sha wuya, ga ƙurar hunturu, sai ka goge ka danna su da yatsu kafin ka ɗage katakon.

13/ Inda wasan ya fi daɗi shi ne wannan: kai ke zaɓar biyar ɗin da za ka bari. Da na fara, masu sauƙi nake kwashewa, sai in waiga in ga an bar ni da 3 a manne da 14 a jikin bango, 6 a can wata kusurwa. Rabin makin zagaye a waɗannan biyar ɗin yake, na kuwa yi ta zubar da shi.

14/ Yanzu bayan na fasa sai in zagaya tebur, in zaɓi biyar da ke fili, kusa da ramuka, waɗanda lambarsu ke bin juna ba tare da fari ya yi doguwar tafiya ba. Su ba na taɓa su. Masu wuya da waɗanda suka dunƙule nake fara warwarewa, tun akwai ƙwallaye da yawa da za su cece ni idan fari ya ɓata.

15/ Shaiɗan na zuwa fa. Ƙwallo ya tsaya a bakin rami, ba kowa, zuciya ta ce tura shi kawai. Sau biyu na yi. Daga baya na soke ranakun gaba ɗaya a littafi, don ban san me lambar ke nufi ba kuma.

16/ Wata huɗu ke nan. Yawanci tsakanin 85 da 95 nake, mafi girma 108. Maki 20 cif sau ɗaya tak na taɓa yi, Baba ne kaɗai shaida, shi ma lokacin yana sauraren rediyo.

17/ Asabar da ta wuce na koma France Road. Yaron na nan. Muka yi shida, ya ci huɗu na ci biyu. A na ƙarshe na fasa, fari ya tsaya a tsakiya, na kwashe nawa bai taɓa sanda ba. Ya ce, "Oga, wa ke koya maka?" Na biya kuɗin huɗu, na ce masa sai wata Asabar.