Goggo, Mai Jinyar Kowa

 A wannan makon zan jingine amsa tambayoyinku, in ba ku labarin ƙanwar mahaifina, Goggo, wadda Allah Ya yi wa rasuwa kwana arba'in da suka wuce. Na tabbata da wuya a rasa irinta a danginku, shi ya sa nake so ku ji.

A Sabo ta Ibadan aka haifi Goggo, unguwar da Hausawa fataken goro da shanu suka zauna tun wajen 1916. Ba ta yi boko ba, amma Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Wannan ya sa ɗakinta ya zama masaukin masu jinya. Wanda aka turo asibitin koyarwa na UCH daga Arewa, ko daga rugagen Fulani na ƙasar Oyo, in bai san kowa ba, direbobin tasha kan ce masa ya nemi gidan Goggo. Ba ta tambayar ɗan wane ne. Tabarma take shimfiɗawa, ta dama kunu tun asuba, ta raka mutum layin yankar kati, ta yi tafinta tsakaninsa da likita. In kuɗin magani ya gaza, sai ta buɗe gwangwanin da take tara kuɗin adashinta.

A wurinta na fara koyon aikin da nake ci da shi yau. Da yake ba ta karanta rubutun likita, ta kan sa a maimaita mata bayani har sau uku, sannan ta ɗaura jan zare a ledar maganin safe, baƙi a ta dare. Akwai wani saurayi mai turin baro da ya kamu da tarin fuka. Maganin na wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, amma da ya ji sauƙi a wata na biyu sai ya ce ya warke. Goggo ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Yaro, daga gobe karin kumallonka a nan yake." Kullum sai ya haɗiye ƙwayoyin a gabanta, ya jira kamar rabin sa'a, sannan ta miƙo koko da ƙosai. Ranar da ya tsorata don fitsarinsa ya koma ja, ita ta kwantar masa da hankali cewa aikin maganin ne. Da na shiga jami'a aka koya mana tsarin DOTS na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato mara lafiya ya sha magani a gaban wani mai sa ido, sai na yi murmushi. Ashe Goggo ta riga mu.

To amma mai jinyar kowa ita ma tana da nata ciwon. Shekaru da dama tana da hawan jini, an ɗora ta a kan Amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum. In an tambaye ta, sai ta ce, "Ina sha, 'yar nan, ku ji da kanku." Ba ƙarya take yi ba, tana sha ɗin, sai dai yau ta sha, gobe da jibi ta bari, don kuɗin da 'ya'ya ke aiko mata na magani sun tafi wajen awon jinin wata baƙuwa ko kuɗin motar wani. Ga ciwon gwiwa da take kashewa da Diclofenac, wanda yawan shansa ke ƙara hawan jini, yana kuma taɓa ƙoda. Shi kuwa hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Wata safiya bayan sallar asuba bakinta ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Kwana 3 ta yi a asibiti, rai ya yi halinsa.

Ranar jana'izarta layinmu ya kasa ɗaukar mutane. Yarbawa maƙwabta sun rufe shagunansu, Fulani sun zo daga ruga, mai turin baron nan, wanda yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A nan na ga gaskiyar masu cewa alheri danƙo ne.

Roƙona gare ku shi ne, ku duba Goggon gidanku. Mutum irin wannan ba ya cewa yana ciwo, kuma in kun ba shi kuɗi, wani zai ba. Saboda haka maganin za ku saya ku kai, ku kuma riƙa ƙirga ƙwayoyin: katin wata guda bai kamata ya kai wata biyu ba. Ku sa a riƙa auna jininsa. In yana kai 140/90 ko fiye a lokuta daban-daban, a koma wurin likita. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ji daidai. A rage gishiri, kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma ku tuna ɗunƙule da kanwa ma suna cikin lissafi. In kuwa kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafe-shafe ko ɗura ruwa, a nufi asibiti nan take, don kowane minti yana da daraja.

Goggo ta bar gwangwanin adashinta, mun kuma yi shawara a dangi ba za a rufe shi ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinyar da ta yi wa bayinSa ta zame mata haske a kabari, Ya jiƙan naku da suka riga mu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.