Alƙibla a Yamma: Tafiya da Na'urar GPS a Hamadar Gobi

Kwalta tana ƙarewa ne jim kaɗan bayan an fita daga Dalanzadgad, babban garin lardin kudancin Gobi a ƙasar Mongoliya. Daga nan sai sawun tayoyi kwance gefe da gefe a kan tsakuwa, wani wurin goma, wani wurin ma fiye, suna rabuwa suna haɗuwa, domin duk direban da ya ga hanya ta yi gargada sai ya karkata ya buɗe tasa. Babu allo, babu bishiya, babu wanda za ka tsayar ka tambaya. Ƙasar ta fi Jamhuriyar Nijar girma, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi, amma mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, kuma kusan rabinsu suna Ulanbatar, babban birni. Sauran filin na dawaki ne da tumaki da awaki da raƙuma masu tozo biyu.

A irin wannan wuri ne na san darajar 'yar na'urar da na rataya a wuya, ƙirar Garmin, wadda ba ta cika tafin hannu ba. Batir biyu take ci, irin na rimot. Ba ta da layi, ba a sa mata kati, ba ruwanta da sabis ɗin waya, wanda tuni ya ɗauke mana tun kafin garin ya ɓace a bayanmu. Saurare kawai take yi. Can sama, nisan kilomita dubu 20 da ɗoriya, akwai taurarin ɗan'adam na Amurka kusan talatin, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, kowanne ɗauke da agogon da kusan ba ya kuskure, yana ta shelar inda yake da ƙarfe nawa ne. Idan na'urar ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, ta fitar da inda kake tsaye. Saƙon da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake. Sojoji ne suka gina tsarin, kuma har zuwa watan Mayu na shekarar 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula suke samu. Yau kuwa, a filin Gobi inda babu gini ko dutsen da zai kare sama, na'urar tana ce mini kuskurenta bai wuce mita uku ko huɗu ba.

Tun a gida na shigar mata da lambobin Ka'aba: digiri 21 da minti 25 arewa, digiri 39 da minti 49 gabas. Yammacin da muka fara sauka gidan makiyaya na danna mata, ta ce Makka tana nisan kilomita dubu 6 da ɗaruruwa, a kan digiri 269. Wato yamma sak. Na yi 'yan taku domin kibiyar na'urar ta daidaita, ta tsaya cak tana nuna inda rana take shirin faɗuwa, da yake watan Satumba ne, lokacin da rana take faɗuwa a tsakiyar yamma. Wanda aka haifa a ƙasar Hausa tun yana yaro ya san ana ba faɗuwar rana baya ne a yi magariba. Ranar na kabbara ina fuskantar jan sararin da ta bari, gabana yana faɗuwa, domin ban taɓa jin girman duniya a jikina kamar lokacin ba. Ashe na zagayo ta ɗaya gefen ɗakin Allah.

Masu gidan sun tsaya daga nesa suna kallo, babu wanda ya yi magana har na sallame. Ɗakinsu, wanda suke kira ger, zagayayye ne, an lulluɓe shi da bargon gashin tumaki, murhu a tsakiya. Ƙofar kowane ger kudu take kallo, saboda iskar arewa maso yamma mai tsananin sanyi. Ba a taka dokin ƙofa. Baƙo yana shiga ya bi ta hagu ya zauna a ɓangaren yamma. Da tafintanmu ya yi wa maigidan bayanin abin da nake nema a na'urar, sai dattijon ya nuna bangon da na jingina da shi, ya ce ai da na tambaye shi. Mutumin da ƙofarsa take kallon kudu duk inda ya kafa ɗaki ba ya rasa sanin yamma ko da tsakar dare. Matarsa ta miƙo mini shayin madara mai gishiri da hannun dama, na karɓa da hannu biyu.

Inda na'urar take gazawa shi ne wurin mutane. Wani matafiyi ya ba mu lambobin gidan da ya kwana a bara, kusa da tuddan rairayi na Khongoryn Els. Kibiya ta kai mu daidai wurin, ta yi ƙara alamar an iso. Muka tarar da da'ira a ƙasa inda ciyawa ta mutu, da toka, da kashin awaki. Sun tashi, kamar dai yadda Fulaninmu suke barin mashekari idan kiwo ya ƙare. Direbanmu, mai tuƙa tsohuwar motar Rasha ƙirar UAZ, bai ko dubi na'urar ba. Ya sauka ya tsuguna, ya murje kashin awaki a yatsunsa, ya dubi sawun babur, ya ɗauko tabaron hangen nesa ya hau kan mota. Can gindin duwatsu ya hango wani farin ɗigo. Su ne. Wannan matsala ce da ta dami hukuma ma: a 2016 gidan wayar ƙasar ya karɓi tsarin what3words, wanda ya yanka duniya gida-gida, mita uku-uku, ya ba kowane gida suna da kalmomi uku, domin a iya kai wasiƙa inda babu titi balle lambar gida.

A kan rairayin kuma na'urar ce ta fitar da ni. Tuddan sun miƙe fiye da kilomita 100, wasu tsayinsu ya haura mita 200, kuma suna da murya. Idan ka zauna a ƙoli ka zame, rairayin da yake gangarowa yana yin wani ruri mai zurfi da kake ji har a ƙirjinka, ya ci gaba bayan ka tsaya. Ina saukowa iska ta taso, ƙura ta rufe duwatsun da na sa a ido, sawuna ya shafe a gabana. Amma tun daga ƙofar ger na'urar take ajiye ɗigo bayan ɗigo na duk inda na taka. Na juya ta ta bi sawunta. Na rufe fuska da rawani ina bin siririn layi a kan gilashi, har na ji haushin karen gidan.

Da dare babban ɗan gidan ya karɓi na'urar yana jujjuya ta. Yana da waya, gidan yana da faifan sola da talabijin, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Abin da yake so daban ne. Washegari ya goya ni a babur zuwa wani lungu a gindin duwatsu inda suke yin hunturu, wurin da yake da garken dutse da tulin busasshen kashin dabbobi na hura wuta. Shi wannan wurin ba ya tashi. Nan kakansa ya zauna. Ya ce in karanta masa lambobinsa. A hunturun 2009 zuwa 2010, bala'in sanyi da ƙanƙara da suke kira dzud ya kashe dabbobi sama da miliyan 7 a ƙasar, gidaje da yawa suka wayi gari ba su da ko akuya, kuma idan ƙanƙara ta rufe sawun tayoyi mai kawo ciyawa ko magani ba ya gane hanya. Na ɗumama batir a aljihu saboda sanyin safiya ya rage musu ƙarfi, na jira kuskuren ya sauko mita uku, na karanta. Ya rubuta a takarda biyu, ya sa na sake karantawa yana bi da yatsa. Ɗaya ya ce ta gida ce, ɗayar kuma ya ba direbanmu ya kai wa ƙanwarsa da take aiki a Dalanzadgad.