Daren Da Muka Zauna A Teburin Giya

 Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu kawo muku a wannan mako kuskure ne namu na kanmu, mun kuwa ga ya fi kyau mu faɗe shi da bakinmu ko wani zai amfana.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu, wanda ya yi karatun fiƙihu a zaurenmu kafin Allah Ya buɗa masa a harkar kwangila, ya gayyace mu liyafar dare a wani babban otal a Abuja. Muka tarar da ɗakin cin abinci mai faɗi da sanyi, fitilu na walƙiya, an jera abinci kala-kala a kan doguwar kanta, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi son ransa. Aka zaunar da mu a babban tebur tare da abokan cinikinsa, waɗansu Musulmi, waɗansu ba Musulmi ba.

Ba a jima ba sai ga sabis ya zo da kwalba naɗe da farin ƙyalle, yana bin baƙi yana tsiyaya musu jan ruwa. Mu da muka saba da Kano, inda aka ƙaddamar da shari'a tun 2000, sai da muka ɗan jima kafin mu gane giya ce. Da ya iso gare mu muka ɗaga hannu, ya kawo mana lemo, muka ce a ranmu ai mun kuɓuta.

Alhali kuwa ba mu kuɓuta ba. Haramcin giya ya sauka ne mataki-mataki, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa aya ta 43 a Suratun Nisa'i, har aya ta 90 a Suratul Ma'ida wadda ta yi umurni da a nisance ta gaba ɗaya. Nisanta kuwa ya fi ƙin sha faɗi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan hadisi mun karantar da shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba, amma sai ga mu zaune da rawaninmu, kunyar mai masauki ta ɗaure mana ƙafa, muna cin gasasshen kifi.

Abin da ya farkar da mu shi ne sabis ɗin nan. Da muka fita alwalar Isha'i sai ya biyo mu, ya rusuna, ya ce da Hausa, "Allah gafarta Malam, na daɗe ina jin tsoron wannan aiki, domin an gaya mini mai ɗaukar giya ma yana cikin la'ana. Amma da na gan ka a teburin, sai hankalina ya kwanta."

Wallahi ba mu taɓa jin magana mai nauyi kamar wannan ba. Watau zamanmu ya zame masa fatawa, ba tare da mun buɗe baki ba. Muka ce masa, "Ɗana, abin da aka gaya maka gaskiya ne, mai ɗaukarta da mai shayar da ita suna cikin mutum goma da hadisi ya ambata. Mu ne muka yi kuskure, kada ka yi koyi da mu." Ya ce mahaifiyarsa da ƙannensa da albashin nan suke ci. Ba mu ce ya ajiye aiki a daren ba, sai muka shawarce shi ya roƙi a mai da shi sashen da ba a taɓa kwalba, kamar gyaran ɗakuna, yana neman wani aikin yana kuma istigfari.

Bayan salla ba mu koma teburin ba. Muka kira ɗalibinmu gefe muka gaya masa dalili cikin taushin murya, don nasiha a gaban baƙi tozartawa ce. Ya ji nauyi, ya sa aka ware mana tebur dabam, sa'an nan mutum biyu daga cikin baƙin suka taso suka zauna tare da mu.

To, ba mu ce shiga otal haramun ne ba, ba mu kuma ce cin abinci da wanda ba Musulmi ba laifi ne. Amma wanda aka gayyata ya tambaya tun daga gida ko za a kawo giya, ya kuma tambayi kuku abin da aka zuba a miya, domin akwai girkin Turawa da ake yi da ita. Malamai kuwa su tuna akwai masu karanta hukunci a zamansu da tashinsu.

Allah Ya gafarta mana, Ya ba wannan yaro mafita ta halal.