Sauya Babbar Manhajar Kwamfuta: Ina Ribar Ɗalibin Harshe?

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, tambaya ɗaya ke yawo tsakaninmu ɗaliban kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai: shin mu koma Windows 11, ko mu zauna inda muke? Ni dai a ganina, ɗalibin harshe zai auna wannan sauyi ne da abin da zai sami bayanan da ya tattaro. Kyan fuskar allo da sababbin launuka ba su shiga lissafinsa.

Da farko akwai batun ƙarfin na'ura. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana bukatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, da ma'ajiya ta gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan injin ya kasance na baya-bayan nan. Galibin kwamfutocin da nake gani a hannun abokan karatuna na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai kafin su iso kasuwanninmu. Da yawansu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ga mai irin wannan na'ura, sauya manhaja na nufin sayen wata kwamfutar, alhali kuɗin da ke hannunsa na zuwa Maraɗi ko Damagaram ne don naɗar maganar dattawa.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu. Hausar boko tana da ɓ, ɗ, ƙ, mu nan Nijar kuma muna rubuta ƴ inda maƙwabtanmu na Nijeriya ke sa 'y. Kafin tsarin Unicode ya bazu, masu bincike sukan yi amfani da zanen haruffa na musamman, wanda ke ɗora ƙ ko ɗ a gurbin wata alama dabam. Muddin wannan zanen yana cikin na'urar, rubutu na fita daidai. Da zarar an buɗe fayil ɗin a sabuwar manhajar da ba ta da shi, sai alamomin da ba su da ma'ana su maye gurbin haruffan. A harshen da "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata", suke kalmomi mabambanta, wannan asara ce babba. Haka abin yake ga alamomin karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ɗalibi ya kwashe watanni yana ɗorawa kalma bayan kalma. Na ga kundin wani malami na shekarun baya da ya koma haka, sai da aka zauna da bugaggen kwafi ana gyara shi layi-layi.

Duk da haka ba na goyon bayan zama a tsohuwar manhaja har abada. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro, kuma kullum ana cusa mata kilen USB daga shagunan buga takardu, ƙofarta a buɗe take ga ƙwayoyin cuta. Mun ga yadda aka yi da Windows XP bayan 2014, da Windows 7 bayan Janairun 2020: sannu a hankali sababbin manhajoji suka daina aiki a kansu. Windows 10 ma hanyar da za ta bi ke nan.

Saboda haka na tsara wa kaina matakai. Na fara da mayar da duk rubuce-rubucena zuwa Unicode, tare da zanen haruffa irin Charis SIL da Doulos SIL. Na kwafe muryoyin da na naɗa da fassararsu a wurare biyu mabambanta. Sai na tabbatar cewa kayan aikina, wato Praat na nazarin sauti, da ELAN na rubuta magana, da Keyman na shigar da haruffa masu lanƙwasa, duk suna tafiya a inda zan koma. Wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗa, ya sauya bayan ya yi wannan shiri, amma ya kauce wa watan da zai miƙa kundinsa, domin sauri kan haifi nawa. Wanda tasa ta gaza, akwai Ubuntu da sauran nau'o'in Linux, kyauta ne, suna tafiya a tsofaffin na'urori, kuma Praat da ELAN na aiki a kansu.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Wannan na nufin ƙamusoshi da littattafan makaranta da za a bukata nan gaba za su dogara da irin bayanan da muke tattarawa yau. Manhaja kan tsufa cikin shekara goma, amma muryar tsohuwar da aka naɗa tana ba da tatsuniya a Dogondutse, idan ta ɓace, wataƙila ba za a sake samun mai faɗinta ba. Duk ɗalibin da zai danna maɓallin sabuntawa, ya fara duba inda ya ajiye kwafinta na biyu.