Kafin ka sayi gurmi na hannu



Tun da aka ji cewa matasanmu sun samu gurmi na koyon kiɗan gargajiya, mutane da dama sun tare ni, wasu a bakin masallaci, wasu ta waya, suna tambayar inda muka samo shi da yadda muka zaɓe shi. Akwai ma wanda ya ce yana so ya saya wa ɗansa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni ba makaɗi ba ne, ba kuma a gidan kiɗa aka haife ni ba. Matasa ne suka yi karo-karo, suka damƙa mini kuɗin, suka ce in nemo musu. Kuɗin jama'a kuwa amana ne, wanda aka ba shi ba ya barci mai nauyi sai ya sauke. Na san malamanmu suna da magana a kan kayan kiɗa, kuma ina girmama wanda ya zaɓi ya ƙaurace musu. Wannan rubutu na wanda ya riga ya yanke shawarar saye ne, don kada kuɗinsa su tafi a banza.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, gurmi abu ne mai sauƙin ƙira. Rabin ƙwarya ce a rufe da fata, da sanda da ta ratsa ta, da tsirkiya biyu, wani lokaci uku, da ɗan itacen da tsirkiyar ke hawa a kan fatar, wanda ake kira jaki. Ana ɗaure tsirkiyoyin a jikin sandar da igiyar fata, idan ana son a ɗaga murya sai a ja ɗaurin sama, idan ana son a sauke ta sai a sassauta. Wanda ya taɓa sauraren marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya san abin da wannan ɗan ƙaramin abu yake iya yi a hannun gwani. Danginsa ne garaya ta mafarauta, da molo, da kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi har Allah ya yi masa rasuwa a 2015.

Tambayar farko da ake yi mini ita ce: me ya hana mu sayi sabo? Dalili biyu ne. Masu haɗa gurmi na kaɗawa sun yi ƙaranci, yawancin sababbin da ake gani an yi su ne don a rataye a bangon falo ko a ba baƙo tsaraba. Na biyu, ƙwaryar da ta shekara goma ana kaɗa ta ta gama bushewa, ta sha hunturu ta sha damina, duk abin da za ta yi ta riga ta yi. Sabuwa kuwa ba ka san halinta ba sai iskar Disamba ta buga ta. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma tsohon abu shi ma yana da nasa ɓoyayyun cututtuka, kuma mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba, wani ma shi kansa bai sani ba.

Don haka ban tafi ni kaɗai ba. Na nemi wani dattijo da ya daɗe yana yi wa 'yan kokawa kiɗa a ƙauyukan da ke kewaye da Gombe, yanzu ya ajiye, noma kawai yake yi. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce: "Ɗana, gurmi kashi biyu ne. Akwai abin da ake canzawa, akwai abin da ba a canzawa. Fata da tsirkiya da jaki riga ce, ko yaushe ana ɗinka wata. Ƙwarya da sanda su ne mutumin. Kai ka sayi mutumin, ka bar mini riga." Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan magana ya fito.

Gurmi uku muka gani cikin mako biyu.

Na farko a wajen wani mai sayar da kayan ado na gargajiya yake. Ya sha jar fata da tuntaye, an zana ƙwaryar, an shafa mata mai tana ƙyalli. Da ni kaɗai ne na shiga shagon, shi idona zai fara sauka a kai. Baba ya karɓa, bai ko taɓa tsirkiyar ba. Ya juya bayan ƙwaryar ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya kai kunne, ya miƙa wa mai shago abinsa ya yi godiya. Da muka fito na ce, "Baba, me ka ji?" Ya ce ƙwaryar ba ta nuna ba aka yanke ta, ba ta da kauri, shi ya sa ƙarar ke mutuwa nan take. Ƙwarya mai kyau idan ka ƙwanƙwasa ta za ta amsa maka ras, ka ji sautin ya ɗan tsaya a ciki kafin ya wuce. An ce gani ya kori ji, amma a sayen gurmi kunne ake sawa gaba.

Na biyu muka same shi a wani ƙauye ta hanyar Dukku, a hannun wani matashi da ya ce na yayansa ne da ya tafi kudu neman kuɗi. Wannan an kaɗa shi sosai, sandar har ta yi santsi saboda hannu. Muryarsa ta yi mini daɗi. Baba ya kaɗa a hankali, sannan ya kaɗa da ƙarfi, sai wata 'yar zuga ta fito kamar ƙuda ya shiga kwalba. Ya bi gefen fatar da farce har ya gano tsaga siririya a bakin ƙwaryar, an liƙe ta da gam an ja fata an rufe. Ya ce tsagar da take a tsakiyar bayan ƙwarya ana iya ɗinke ta yadda mata ke ɗinke ƙwaryar nono, ta yi shekaru. Amma wadda take a baki, inda fata ke ja dare da rana, ko a ramin da sanda ta shiga, kullum ƙaruwa take yi. Ya kuma ɗaga ƙwaryar ya nuna mini wasu ƙananan huda kamar na allura, ya buga ta a tafin hannunsa sai ga ɗan gari fari ya zubo. Ƙwaro ya shiga. Ban da wannan, ni ma raina bai kwanta ba da sayen abin da mai shi ba ya nan, kuma ba a ji ta bakinsa ba. Muka yi sallama.

Na uku, da a kan hanya na gan shi da ban sunkuya na ɗauka ba. Baƙi ƙirin saboda hayaƙi, fatar ta yage, tsirkiya ɗaya ta tsinke, jaki ya ɓata. A ɗakin wata tsohuwa yake rataye tun rasuwar mijinta. Baba ya ƙwanƙwasa, ya yi murmushi. Ya ɗora ƙarshen sandar a gefen idonsa ya hango ta har ƙarshe, yadda maharbi ke duba kibiya, ya ga ba ta lanƙwashe ba. Ya riƙe ƙwaryar da hannu ɗaya ya girgiza sandar da ɗayan, ba ta yi motsi a mazauninta ba. Ya ɗaga ƙwaryar ta fuskanci rana ya leƙa ta inda fatar ta yage, babu inda haske ya ratso. Daga nan ya ce, "Wannan shi ne." Dalilin duba sandar shi ne, idan ta lanƙwashe tsirkiya takan yi nisa da ita, yaro mai koyo sai ya danna da ƙarfi, yatsunsa su yi ciwo, muryar ta riƙa karkacewa, cikin wata guda ya ajiye ya ce kiɗa ba nasa ba ne, alhali laifin sanda ne.

Kafin mu yi maganar kuɗi, mun nemi a kira 'ya'yan marigayin, domin abin gado ne, ko da ƙwarya ce da sanda. Suka amince, aka yi ciniki a gaban shaidu. Akwai wata laya ɗaure a wuyan sandar, muka roƙi su kwance abinsu su riƙe. Ina ba duk mai saye shawarar ya yi waɗannan biyun. Tsofaffin kayan kiɗa sukan zo da irin wannan, kuma bai kamata ka kai gidanka abin da ba ka san me ke ciki ba. Baba ya sa aka nemo sabuwar fata, ya jiƙa ta, ya ja, ya bar ta ta bushe a inuwa kwana uku. Ya ɗaura tsirkiya ta zaren roba irin na kamun kifi, wanda makaɗa da yawa suka koma amfani da shi yanzu, ya sassaƙa jaki. Kuɗin saye da na gyara gaba ɗaya ba su kai abin da mai shagon farko ya nema ba. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Da na ba wani abokina da ke aiki a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, wannan labari, sai ya yi dariya ya ce ai gardamar da makaɗan can ke yi ke nan a kan wani abin kiɗa da suke kira banjo. Ya turo mini bidiyo, na ga abu mai zagayayyen ciki da fata a shimfiɗe, da dogon wuya, da jaki a kan fatar. Kamannin ba haɗuwar banza ba ce. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo a tsibiran Karebiyan, da duma da fata da sanda, kamar yadda suka saba a gida. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya je Jamaika a 1687, kuma littafinsa da ya fito a 1707 yana ɗauke da zanen irin waɗannan kayan kiɗa na duma. Masu bincike sukan kwatanta banjo na farko da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da sauran danginsa na yankinmu. Daga baya masana'antun Amurka suka mayar da duman katako da ƙarfe.

Irin wanda mutanen Ailan ke kaɗa waƙoƙinsu na gargajiya da shi mai tsirkiya huɗu ne, kuma wani makaɗi mai suna Barney McKenna na ƙungiyar The Dubliners, wadda aka kafa a 1962, shi ya yaɗa salon ɗaurin da yawancinsu ke bi yau, wanda ya dace da na gogensu. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, har gobe da yawa daga cikinsu sun fi neman tsofaffin da kamfanoni irin su Vega da Gibson suka ƙera a shekarun 1920. Abin da suke dubawa kuwa shi ne abin da Baba ya duba: wuya ya miƙe? Zagayen cikin ya tsage? Inda wuya ya haɗu da ciki yana motsi? Tsirkiya ta yi nisa da wuya? Fata da tsirkiya da jaki ba sa hana su ciniki, domin ana sayen sababbi. Baba bai taɓa jin sunan Dublin ba, da na gaya masa sai ya ce, "To ashe su ma suna da kunne."

Abu ɗaya suka huta da shi wanda mu ba mu huta ba. Yawancinsu sun koma fatar roba wadda ba ruwanta da yanayi. Tamu ta dabba ce, tana numfashi da iska. Da damina takan saki, murya ta dushe, sai an ɗan nuna ta ga rana ko an kusantar da ita wuta daga nesa. Da hunturu takan ɗaure tamau, idan ka bar gurmi a rana ko cikin mota a rufe, za ka dawo ka tarar ta fashe. Saboda haka idan ka je saye a watan Agusta ka ji murya ta yi ƙasa, kada ka yi saurin yanke hukunci, ka nemi a shanya shi kaɗan ka sake ji. Idan kuma mai sayarwa ya ƙi bari ka kaɗa, ko ya ce ka turo kuɗi ya aiko maka a mota daga wani gari bayan hoto kawai ka gani, ka riƙe kuɗinka. Ba a cinikin biri a sama. Sannan ka je da wanda zai kaɗa shi, ya rungume shi ya ji ko ya yi daidai da hannunsa, domin gurmin babban mutum wahala ne ga ɗan shekara goma sha biyu.

Ina da roƙo ga jama'ar unguwa. Na tabbata a gidajen Bagadaza da Jekadafari da Bolari da Pantami akwai gurmi ko garaya ko goge da ke rataye a bayan ƙofa, mai shi ya rasu ko ya tsufa, yara suna jira a yi sharar Sallah su jefar. Kada yagaggiyar fata ta sa ku ɗauka ya mutu. Ku kai wa wanda ya sani ya ƙwanƙwasa ya ji. Dattawan da suka iya ja wa ƙwarya fata ba su da yawa, kuma ba yara ba ne. Baba ya yarda zai riƙa zama da matasanmu ranar Asabar bayan la'asar, ya nuna musu kiɗan da kuma gyaran. Duk wanda yake da tsohon abin kiɗa a gida yana iya kawowa a duba masa, ko sayarwa zai yi ko ajiyewa.

Allah ya saka wa matasan da suka yi karo-karo da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wanda yake da ƙarin sani a kan wannan, musamman 'yan gidan kiɗa, muna sauraro.